Daga Motar Kara Zuwa Hadda: Inda Sha'awar Ƙere-ƙere Ke Ɓacewa a Bauchi

A zamaninmu, da zarar an sare dawa kara ya bushe, babu mai ce wa yaran Jahun ko na Ƙofar Dumi su nemi abin yi. A samo sille, a fere da reza, a tsaga ɓawon a riƙa sokawa a totuwa, kafin la'asar an fito da tirela har da madubin gefe. Tayoyi kuwa daga tsohon silifa ake yanko su, a zagaye da bakin gwangwanin madara. Yaran yanzu sun wuce mu nesa. Su kwali suke samu, su ciro ƙaramin inji mai juyawa daga cikin mataccen DVD, su haɗa da batirin tsohuwar cocila, sai ka ga abu yana gudu da kansa a tsakar gida, kaji na watsewa.

Kwanakin baya ɗan ƙanena, mai shekara goma sha ɗaya, ya tare ni a zaure da irin wannan motar a hannu. Ya sa mata fitilun gaba, amma ransa a ɓace.

"Bappa, me ya sa in na haɗa ƙwan da batir ɗaya yake kamawa, in na jera biyu don ya ƙara haske sai ya yi tas ya mutu? Na uku ke nan na ƙona."

Yayansa yana gefe, ɗan aji biyar na sakandare, ɓangaren kimiyya. Na ce masa, to ga tambayarka ta zo gida, amsa wa ƙanenka. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya. Da na tambaye shi dokar Ohm, wato ƙa'idar lissafin lantarki da ke haɗa bolt da amfiya da turjiyar abin da wuta ke bi ta cikinsa, sai ya zubo ta da Turanci kamar mai biya karatun allo, bai tsallake ko wasali ba. Amsar ƙanensa tana cikin abin da ya karanto ɗin nan, bai dai san a ciki take ba. Ga yaro ɗaya mai tambaya ba amsa, ga ɗaya mai amsa ba tambaya, uwa ɗaya uba ɗaya, tabarma ɗaya suke kwana. Duk dogon bayanin da zan yi bai wuce wannan zauren ba.

Mutane kan ce yaranmu ba su da sha'awar kimiyya da fasaha. Wanda ya faɗi haka bai zauna a bakin shagon mai gyaran waya a Wunti ya ga yadda yara ke leƙe ba, bai kuma ga ɗan shekara sha biyu ya kwance injin ban ruwa a fadama ya mayar ba. Sha'awa kam akwai ta, har ta yi yawa, tana ƙona ƙwai. Abin tambaya shi ne ina take zuwa tsakanin shekara goma da shekara sha takwas.

Ba kuma za a ce ba a taɓa yin tunani a kai ba. Wanda ya duba abin da aka kakkafa a tsohuwar Jihar Bauchi, tun Gombe na cikinta, zai ga shiri ne mai kai da ƙafa. A 1977 aka buɗe Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Gombe don ta yaye malaman da za su koyar da aikin hannu. A 1979 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi, wadda ke Gwallameji. A 1980 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka raɓa wa Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988 da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. A ƙarshen shekarun 1970 ɗin dai kamfanin Steyr ya fara harhaɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi, siminti kuma ya fara fitowa daga Ashaka. Lissafin a fili yake: makaranta ta horar da hannu, masana'anta ta karɓa.

A ƙasa kuma aka zo da tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. Manufarsa ita ce kowane yaro a ajin farko zuwa na uku na sakandare ya taɓa zarto da guduma da waya, ta darasin da muka sani da intirotek, ta yadda wanda ba zai zarce ba ya fita da abin yi. Aka yo odar injuna daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Labarin abin da ya biyo baya sananne ne a duk faɗin ƙasar nan: akwatuna da yawa ba a ko buɗe su ba. Injin yana son lantarki, makarantar ba ta da shi. Yana son ɗakin aiki, ba a gina ba. Yana son malamin da ya san shi, malamin kuma a hoto ya taɓa ganinsa. Sai 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka gagara, masana'antun da ake yi wa tanadin hannayen suka fara tangal-tangal. Intirotek bai mutu ba, ya dai koma abin da ake kwafa daga allo. Ni kaina na zana zarto a littafi, na rubuta sunayen sassansa, na ci maki, ban taɓa yanka katako da shi a makaranta ba.

A nan ne nake ganin yawancin masu magana kan gyaran ilimi ke kuskure wuri. In aka ce babu aikin gwaji a makarantu, sai a ce a gina ɗakin gwaje-gwaje, a sayo kaya. Ana ginawa, ana sayowa, ana yanke ƙyalle. Amma ɗakin gwaji ba gini da kabad ba ne, ciki ne da ke cin abinci kullum. Akwai kayan da ake saye sau ɗaya su daɗe, kamar madubin ƙara girma da ma'auni. Akwai kuma waɗanda ke ƙarewa: sinadari, batir, waya, dalma, gas, takardar gwaji, kwalabe masu fashewa, har ruwa. Na farkon suna da kwangila, suna da hoto, suna da wanda zai ce shi ya kawo. Na biyun kuɗi ne 'yan kaɗan da ake buƙata duk zango, babu mai yin suna da su, saboda haka babu mai tunawa da su. Ɗakin da aka kashe wa miliyoyi sai ya tsaya cak saboda batirin 'yan dubbai.

Sai kuma tsoro. Malamin da aka damƙa wa makulli ya san in abu ya fashe ko ya ɓace shi za a tuhuma, wataƙila a cire a albashinsa. In kuwa ƙura ce ta cinye kayan a kabad, babu mai ce masa uffan. Wace hanya mai hankali zai bi? Ya kulle ɗaki ya sa makulli a aljihu. Ƙara masa da aji mai ɗalibai kusan ɗari, da darasi na minti arba'in wanda rabinsa ke tafiya wajen jera su, da manhajar da dole a ƙare kafin jarrabawa. Ba na ganin laifinsa sosai. Duk da haka, yaro ba ya koyon haɗa waya sai ya ƙona wani abu, kuma makarantar da ba ta ware kuɗin ɓarna ba, ba ta ware kuɗin koyo ba.

Jarrabawa ita ce ta ƙarasa aikin. WAEC da NECO suna da takardar firaktikal, kuma kafin ranar sukan aika wa makarantu jerin kayan da za a tanada. A makarantu da yawa wannan jerin shi ne ke buɗe ɗakin gwaji, sau ɗaya a shekara, mako biyu ko uku kafin ranar. Fafe gora ranar tafiya ke nan. A makarantar da na yi, an nuna mana yadda ake ɗiga ruwan asid a kan sinadari har launi ya juya, sannan aka raɗa mana lambar da ya kamata mu samu. Kowa ya rubuta lambobi uku da ke kusa da ita. Ranar muka koyi darasi mafi muni da ake iya koya wa mai son kimiyya, wato amsa tana hannun malam, gwajin kuwa wasan kwaikwayo ne. Alhali duk kimiyyar ba ta wuce ka yarda da abin da ma'auni ya nuna ko da ya saɓa wa abin da kake so ba.

To, yaron da makaranta ta gundura fa? Gareji yake tafiya, ko shagon walda, ko wurin mai rewaya, ko teburin mai gyaran waya. Kuma gaskiya a faɗe ta: waɗannan wurare su ne manyan makarantun fasaha na Bauchi da Gombe, ba da kasafin gwamnati ba, ba da allon suna ba. Bakaniken da ya ƙware yana jin kukan inji ya ce maka bawul ne, kuma bawul ɗin ne. Mai walda yana kallon hoton injin casar shinkafa a waya ya ƙera maka irinsa daga ƙarafan bola. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A cikin dajin Yankari, a Ampara, har yau akwai kufan tsofaffin murahun da mutanen da suka narkar da tama a ciki suka fitar da ƙarfe, kuma maƙerin da ke kallon launin ƙarfe a wuta ya san lokacin da zai tsoma shi a ruwa, kimiyyar ƙarafa yake yi, sunanta ne kawai bai sani ba.

Amma gareji yana da iyaka, kuma waɗanda ke kambama shi don su muzanta masu digiri ba sa taimakonsa. Iyakarsa ita ce awo da rubutu. Ido ba mudu ba ne, ya san ƙima, haka ne. Sai dai ido ba ya ganin lantarki. Shi ya sa gyara da yawa ke komawa canja-ka-gani: a cire wannan a sa sabo, in bai yi ba a cire wancan, mai mota yana biya. Motocin yanzu kwamfuta ce a cikinsu, sai an jona na'ura ta karanto inda ciwon yake, kuma da Turanci da lambobi take magana. Ga kuma ɓoyon sani: wani ogan sai ya aiki yaro sayen shayi daidai lokacin da zai yi aikin da ya fi muhimmanci. Yaro ya shekara uku yana wanke sifana. Abin da ogan ya gano cikin shekara talatin ba a rubuce yake ba, ranar da ya kwanta dama ya tafi da shi.

Sola ce ta fi tona wannan asiri, don yanzu kowa ya koma kanta, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ɗauki batir mai bolt 12 da amfiya 100. A takarda yana ɗauke da ƙarfin wat 1,200 na awa guda. In irin mai ruwan asid ne, rabin wannan kawai ya kamata a ja in ana son ya daɗe, wato 600. Fanka mai cin wat 60 za ta yi awa goma ke nan, ita kaɗai. Amma sai a haɗa wa mutum firji da talabijin da fanka uku a kai, a ce masa zai kwana da wuta, bayan wata shida batir ya mutu a ce jabu ne. Haka batun kaurin waya. Kayan da ke cin wat 1,200 a wutar gida mai bolt 230, amfiya biyar da 'yan kai suke ja. A ɓangaren batir mai bolt 12 kuwa, amfiya 100 ne. Wanda bai san wannan ba zai sa siririyar waya iri ɗaya a duka wuraren, ta yi zafi, ta narke, wani lokaci ta tashi gobara. Ko inda farantin sola zai kalla lissafi ne: Bauchi da Gombe suna wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka kudu ake fuskantar da shi da ɗan karkata kaɗan, a kuma riƙa goge ƙurar hunturu da ke rage masa ƙarfi. Duk wannan lissafin yana cikin littafin ɗan aji biyar. Shi yana da lissafin bai taɓa riƙe filaya ba, mai haɗa solar yana da filayar bai taɓa ganin lissafin ba, gidan mutane kuma yana tsakiya.

Akwai wani abin da mu jama'a muke yi wanda muke ɗauka ƙarfafa gwiwa ne, ni kuwa ina ganin yana cikin masu kashe sha'awar. Duk bayan 'yan makonni sai an yaɗa bidiyo a Facebook ko TikTok: matashi ya ƙera jirgin sama, matashi ya ƙera janareta marar amfani da mai. A yi ta kabbara, a ce ina gwamnati, a ce da a Turai ne da tuni an ɗauke shi. Wani babba ya kira shi ya ba shi kyauta a gaban kyamara. Bayan wata guda babu mai tuna sunansa. Babu wanda ya yi masa tambayar da injiniya zai fara yi: nawa ne nauyinsa, wane ƙarfi injin yake bayarwa, minti nawa ya yi yana aiki, me ya faru da ka sake gwadawa?

Batun janareta marar mai ma ya fi ba ni takaici, don an mayar da shi abin alfahari. Yawanci batir ne ke juya wani inji, injin ya juya altaneta mai samar da wuta, altanetar ta mayar da caji cikin batirin. Yana aiki a gaban kyamara na minti goma, don batirin a cike yake. Bar shi zuwa dare ka gani. A kowane zagaye wani kaso na ƙarfin yana tafiya a zafi da gogayya, babu dabarar da ke hana wannan, ko a Jamus ko a Japan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yaron da ya iya wannan haɗin yana da hannu mai kyau ƙwarai, kuma babbar cutar da za a yi masa ita ce a tafa masa a bar shi ya kashe shekara biyar yana bin abin da ba zai yiwu ba, maimakon wani malamin fiziks ya zauna da shi da mita su auna abin da ke shiga da abin da ke fita.

A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga 'yan ƙafafu daga ƙasa. Ƙoƙari ne na gaske. Amma a kwatanta da waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji a Amurka a watan Disambar 1903, Wilbur da Orville Wright. Su ma ba su da digiri, masu shagon kekuna ne, a yau da mun ce musu masu gyaran keke. Tashinsu na farko daƙiƙa 12 ne kacal. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 1901, da suka ga fikafikansu ba sa ɗagawa yadda alƙaluman da suka gada suka ce, sai suka ƙera wani akwati da fanka ke hura iska ta cikinsa, suka gwada ƙananan fikafikai iri-iri har wajen 200, suna auna kowanne suna rubutawa. Bambancinsu da sauran masu mafarkin tashi ba baiwa ba ce. Littafin awo ne.

Muna ma da misali a kusa, wanda ba shi da ƙyalƙyali shi ya sa ba a yaɗa shi. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya ɗauki abin da kowace tsohuwa ta sani, cewa randa tana sanyaya ruwa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi, cikin tukunyar ya yi sanyi. Ya gwada, ya ƙirga kwanaki: yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Wannan ya sa ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. Babu inji, babu waya. Kuma duk ɗan sakandare a Darazo ko Kumo zai iya maimaita aikin da tukwane biyu da ma'aunin zafi, ya gano da kansa dalilin da ya sa abin ke aiki sosai da rani amma ya yi rauni da damina, lokacin da iska ta riga ta ƙoshi da laima.

Wannan shi ne abin da nake so malamai da iyaye su gane: kimiyyar hannu ba ta jiran kwangila. Zoɓon da ake jiƙawa a kowane gida sinadarin gwaji ne na ainihi. Matsa masa lemon tsami, ya ƙara ja. Jefa masa kanwa ko ruwan toka, ya juya ya yi duhu ya koma kore-kore. Abin da takardar gwajin da ake sayowa ke yi ke nan, bambance mai tsami da kishiyarsa, kuma duk yarinyar da ta taɓa ganin an sa wa miyar yakuwa kanwa ta riga ta ga rabin darasin a madafa. Ko a ɗaura dutse a zare mai tsawon mita ɗaya a rataye a reshen darbejiya. Ya je ya dawo sau 20, a duba agogon waya, za a samu wajen daƙiƙa 40. A rage zaren zuwa santimita 25, lokacin ya ragu da rabi. Sai a tambayi aji: in muka sa dutsen da ya ninka wannan nauyi fa? Kusan kowa zai ce lokacin zai canja. A gwada. Ba ya canjawa. Shirun da ke biyo bayan wannan, lokacin da yaro ya ga abin da ya yi imani da shi ya faɗi a gaban idonsa, ya fi masa shafi hamsin na kwafe.

Ba ina cewa a tsaya a zoɓo da dutse ba. Akwai ƙananan alluna irin Arduino, wanda aka fara a Italiya a 2005, da Raspberry Pi da ya fito daga Ingila a 2012, waɗanda ɗalibi zai iya sarrafawa su kunna famfo in ƙasa ta bushe, ko su yi ƙara in tanki ya cika. Ɗaliban jami'a da na kwalejojin fasaha a Bauchi suna amfani da su a furojet. Kulob irin na JETS, na ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, inda yake da rai, yana yin abin da aji ya kasa. Tsorona dai kada su ma su koma intirotek na wannan zamani: a sayo akwatin mutum-mutumi, a zaɓi yara biyar su haddace haɗin don gasa, a ɗauki hoto, a kulle a kabad. Har a manyan makarantu ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu ɗalibai kan kai furojet ɗinsu wurin mai gyara a kasuwa ya haɗa musu, su biya, su je su kare. In ka lura, nan ma hannu da kai sun haɗu, amma ta hanyar ciniki, kowa ya koma gida da jahilcinsa.

'Yan mata kuwa tun daga tushe ake cire su. In fanka ta lalace a gida, namiji ake kira ya riƙe sukundireba, ko da ƙanwarsa ta fi shi lura. Gareji ba wurin da yawancin iyaye za su tura 'yarsu ba ne, saboda haka in makaranta ba ta ba ta damar taɓawa ba, ba ta da wata ƙofa. Alhali matan da ke haɗa sabulu da soda da mai a cikin gida, suna auna kowanne don kada ya ci hannu, sun fi ɗan ajin kimiyya da yawa kusanci da ɗakin gwaji. Gyaran waya da haɗa ƙananan fitilun sola aiki ne na tebur, ana iya yinsa a tsakar gida.

Wajibi ne kuma a faɗi haɗarin, don sha'awa ba tare da sani ba tana raunata yara. Batiran litiyom da suke cirowa daga tsofaffin kwamfutoci, bolt 3.7 ne kowanne, ba a caja su su wuce 4.2, kuma in aka huda su ko kawunansu suka haɗu suna kamawa da wuta. Batirin mota da ake fasawa a bayan gida, dalma ce a ciki da asid. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje, ba zai bar yaro ya narkar da ita kusa da inda ake girki ba. Hana yaro taɓawa ba ya kare shi, a ɓoye zai yi. Babba ya zauna kusa da shi, shi ne kariyar.

Daga ƙarshe duk abin yana komawa ga kwali da abinci. Uba ba wawa ba ne. Ya ga mai HND yana tsayawa a wani mataki a aikin gwamnati mai digiri yana wuce shi, ya ga Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021 amma bai zama doka ba, ya ga ana kallon makarantar koyon sana'a a matsayin wurin waɗanda suka kasa. Me zai sa ya tura ɗansa mai ƙoƙari can? An kafa hukumar NABTEB tun 1992 don jarrabawar fasaha, amma iyaye nawa ne ke alfahari da takardarta? Akwai dai alamun motsi. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ta fara ba masu sana'a takardar shaidar ƙwarewa bisa abin da hannunsu ya iya, kuma ta yi aiki da mutanen kasuwar Panteka ta Kaduna a kan haka. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da karatu kyauta da ɗan alawus a kwalejojinta na fasaha, da alƙawarin kashi 80 aiki, kashi 20 bayani. Wanda ya san labarin akwatunan 1982 zai jira ya ga ko akwai kuɗin waya da dalma a zango na uku kafin ya yi guɗa. Aikin kuwa yana nan yana jira: injunan wutar madatsar Daɗin Kowa masu megawat 40, rijiyoyin man Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 a iyakar Bauchi da Gombe, da famfunan sola da ke ta yawaita a fadamu, waɗanda in sun lalace sau da yawa sai an jira wani daga nesa.

Shi kuwa ɗan ƙanen nawa, ranar Asabar na kai su wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, shi da yayan. Na sayi 'yar ƙaramar mita da rezista guda goma, 'yan abubuwan da ke rage wutar da ke bi ta waya. Dattijon ya sa yaron ya auna batiran biyu a jere, mita ta nuna bolt bakwai da ɗigo huɗu. Ya ce bolt uku kawai ƙwan yake so, sauran ne ke kashe shi. Na juya ga yayan na ce, to, huɗu da ɗigo huɗu ne suka yi rara, ƙwan kuma amfiya 0.02 yake ɗauka, dokarka me ta ce? Ya ɗauki biro ya raba a bayan kwalin motar, ya ɗago a hankali.

"Ɗari biyu da ashirin, Bappa."

Dattijon ya tona cikin gwangwaninsa ya ɗauko ɗaya mai zane ja, ja, ruwan ƙasa, ya miƙa masa. "Ungo, ɗana. Ni launin na sani, shekara talatin ke nan. Yau na ga inda lambar take fitowa."

Fitilar ta kama, ba ta mutu ba. Na ba ƙaramin littafi mai shafi arba'in na ce duk abin da ya auna ya rubuta, har wanda bai yi ba. Kwana huɗu bayan nan ya sake tare ni a zaure, mitar a hannu, ba ta nuna komai a ɓangaren amfiya. Ya jona ta kai tsaye a kan batir don ya ga ƙarfinsa, fis ɗin ciki ya ƙone. Ya rubuta a shafi na uku, da kwanan wata, kuma yana son sanin me ya sa awon bolt bai ƙona ta ba amma wannan ya ƙona. Na ce ya jira yayansa ya dawo daga makaranta.